Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Sharhi kan Madubin Saitin Bindiga da Matsayinsa a Farauta

Babbar matsalar da maharbi yake fuskanta a ko'ina cikin duniya ita ce tazarar da ke tsakaninsa da dabba, domin Allah ya hore wa naman daji ji da gani da sansano wari fiye da na ɗan Adam, kuma da wuya ya tsaya har mutum ya iso inda hannunsa ko makaminsa zai kai. Al'ummomi sun bi hanyoyi biyu wajen magance wannan matsala. Wasu sun koyi dabarun rage tazarar da ƙafa da haƙuri da sanin halin dabba, wasu kuma sun ƙera kayan aikin da zai ba su damar gani da harbi daga nesa, wanda mafi shahararsa a yau shi ne madubin saiti, wato ƙaramin madubin hangen nesa da ake ɗaurawa a bayan bindiga domin ya kusanto da abin da ake nufi, ya kuma nuna daidai inda harsashi zai sauka.

A ƙasashen Amurka da Turai da tsakiyar Asiya, zaɓen madubin da ya dace da farautar barewa mai ƙaho mai rassa ko ragon dutse ya zama fanni mai zaman kansa, wanda ake rubuta littattafai a kansa. Hotuna da bidiyon irin wannan farauta sun iso wayoyin matasa a Kano, ciki har da na unguwannin ƙaramar hukumar Kumbotso irin su Panshekara da Challawa da Zawaciki, inda ƙungiyoyin 'yan farauta suke zaune kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan masana'antu da makaniki da masu walda. Saboda haka ya dace a duba yadda wannan madubi yake aiki, da ma'aunin da masana suke bi wajen zaɓensa, sannan a auna ko yana da gurbi a farautar ƙasar Hausa, kuma idan yana da shi, mene ne ya kamata ya riga shi zuwa.

Burtu da adaka

Farauta tsohuwar sana'a ce a ƙasar Kano, har Tarihin Kano ya siffanta Barbushe, wanda ya fito daga zuriyar Dala, da cewa ƙasaitaccen maharbi ne mai kashe giwaye. Sarautu irin su Sarkin Baka da Sarkin Dawa, da kiɗan farauta da kirarin maharba, duk shaida ce ta yadda sana'ar ta samu tsari da shugabanci tun kafin zuwan bindiga. Makaman asali su ne kwari da baka da mashi da gora da tarko, tare da karnuka, kuma ana shafa wa kibiya dafin da ake haɗawa da tsiron kwankwani domin raunin da bai kai ya kashe nan take ba ya ƙarasa dabbar bayan ɗan lokaci. Tun da kibiya ba ta da nisan zango, dole maharbi ya zama gwanin sanɗa, ya san ta inda iska take kaɗawa, ya iya karanta sawu da kashi da karyayyen reshe, ya kuma san mashayar da dabba take zuwa da lokacin da take zuwa.

Babu abin da ya fi nuna wannan hikima kamar kan burtu, wanda maharbi yake ɗaurawa a goshinsa, ya lulluɓe jikinsa da baƙin tufafi, ya durƙusa cikin ciyawa yana kwaikwayon tafiya da kiwon wannan tsuntsu, har ya shiga tsakiyar garke ba tare da dabbobin sun tsorata ba, saboda sun saba kiwo tare da burtu. Wannan dabara ta ginu ne a kan dogon nazarin ɗabi'ar dabbobi, kuma manufarta ita ce a mayar da tazarar taku ɗari ta koma taku goma sha biyar ko ashirin.

Shigowar bindiga ba ta rushe wannan tsari ba. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, a matsayin wanda ya fara ajiye dogarai 'yan bindiga, kuma sannu a hankali bindigar ɗuri, wadda aka fi sani da adaka ko bindigar toka, ta sauko daga fada ta shiga hannun maharba, maƙera na gida suka ƙware wajen ƙera ta da gyaranta. Ana ɗura mata albarushi da dalma ta baki, kuma cikin bututunta sumul yake, ba shi da zanen da zai sa harsashi ya riƙa juyawa, saboda haka abin da ta tofar yana warwatsuwa, kuma da zarar an wuce mita 40 ko 50 ba a iya dogara da inda zai faɗa. Ma'anar wannan ita ce mai adaka yana nan a matsayin mai baka: sai ya kusanci dabba kafin ya taɓa kunama.

Yadda madubin yake aiki

Ilimin da madubin saiti ya dogara a kansa yana da dogon tarihi. Masanin nan Ibn al-Haisam, wanda ya rayu a Misira a farkon ƙarni na 11, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido, ya kuma yi bayanin yadda haske yake karkacewa idan ya ratsa gilashi ko ruwa. A 1608 aka nemi rajistar madubin hangen nesa na farko a ƙasar Holan, wajen 1640 kuma wani Bature ɗan Ingila, William Gascoigne, ya gano cewa idan aka gitta siririn zare a wani gurbi na cikin madubin, zaren da abin da ake hange za su fito tar a lokaci guda. Wannan shi ne sirrin madubin saiti, domin mai saiti da ƙarfen bindiga yana ƙoƙarin haɗa abubuwa uku masu nisa daban-daban, wato ƙarfen baya da na gaba da dabbar, alhali ido ba ya iya tsayawa sosai sai a kan ɗaya, shi kuwa madubi yana tara alamar saiti da dabbar a fili guda. Maƙeran bindiga na Amurka sun fara ɗaura irin wannan madubi a tsakiyar ƙarni na 19, kuma kamfanonin Jamus da Ostiriya irin su Zeiss da Kahles suka inganta shi a farkon ƙarni na 20.

Kowane madubi yana ɗauke da lambobi, misali 3-9x40. Lambobin farko suna nufin ninkin girma, wato ana iya murɗa shi daga ninki 3 zuwa ninki 9, ta yadda a ninki 9 dabbar da ke nisan mita 270 za ta bayyana kamar tana mita 30. Lamba ta ƙarshe kuma faɗin gilashin gaba ce a ma'aunin milimita, kuma shi ne ƙofar da haske yake shigowa. Idan aka raba faɗin gilashin da ninkin girma, za a samu kaurin hasken da yake fitowa zuwa ido: gilashin milimita 40 a ninki 8 yana ba da milimita 5, a ninki 16 kuwa milimita 2.5 kacal. Muhimmancin wannan lissafi yana bayyana ne idan aka tuna cewa ƙwayar idon mutum tana tsukewa zuwa milimita 2 ko 3 da rana tsaka, tana buɗewa zuwa kusan 7 a duhu ga matashi, ga dattijo kuma da wuya ta wuce 5. Da asuba ko da almuru, lokutan da yawancin dabbobi suke fitowa kiwo, madubin da aka murɗa zuwa babban ninki yana aiko da hasken da bai cika ƙwayar ido ba, sai hoton ya dushe daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Ninkin girma yana da wasu kuɗaɗen da ake biya. Na farko shi ne ƙuntatar fili, domin madubin da yake nuna faɗin kusan mita 11 a nisan mita 100 idan yana ninki 3, ba zai nuna fiye da mita 4 ba a ninki 9, kuma dabbar da ta zabura tana iya ficewa daga filin kafin maharbi ya sake gano ta. Na biyu shi ne rawar hannu, domin madubi yana ninka motsin numfashi da bugun zuciya kamar yadda yake ninka dabbar. Na uku shi ne nauyi da tsawo, saboda babban ninki yana bukatar babban gilashi, shi kuma yana tilasta a ɗaga madubin sama da bututu, har kuncin maharbi ya rasa zama daram a kan katakon bindiga.

Bayan lambobi akwai ingancin gilashin kansa. Kowace fuskar gilashi da ba a yi wa shafi ba tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya same ta, kuma tun da a cikin madubi ɗaya akan samu fuskoki fiye da goma, asarar tana iya kaiwa kashi ɗaya bisa uku. A 1935 wani masani a kamfanin Zeiss, Alexander Smakula, ya samar da siririn shafin da yake rage wannan asara, kuma madubai masu kyau na yau, waɗanda aka yi wa kowace fuska shafi hawa-hawa, suna isar da kusan kashi 90 na hasken. Wannan ne dalilin da ya sa ƙaramin madubi mai gilashi nagari yakan fi babba mai araha haske. Haka nan ana fitar da iskar cikin bututun madubin a maye gurbinta da busasshiyar iskar naitirojin a toshe, domin kada raɓa ta taru a ciki idan an fito daga ɗumi zuwa sanyi. Akwai kuma tazarar da ya kamata ta kasance tsakanin ido da gilashin baya, wadda ake so ta kai santimita 8 zuwa 10, domin bindiga mai ƙarfi tana komowa baya idan ta tashi, kuma madubin da ya matsa kusa da fuska yana iya fasa gira.

Abu na ƙarshe shi ne alamar saiti da mamurɗan gyaranta. Alamar da ta fi yaɗuwa ita ce wadda kamfanin Leupold ya fito da ita a 1962, mai layuka huɗu masu kauri daga gefe da suke sirancewa a tsakiya, ta yadda kaurin zai ja ido zuwa cibiya a cikin duhu, sirantar kuma ba za ta rufe dabbar ba. Mamurɗan, ɗaya a sama ɗaya a gefe, suna gusar da alamar da ƙaramin mataki, wanda a yawancin madubai na Turai yake daidai da santimita 1 a nisan mita 100. Madubin da mamurɗansa ba sa komawa daidai inda aka bar su, ko wanda saitinsa yake gocewa bayan harbi kaɗan, ya fi rashin madubi illa, saboda yana ba mai shi tabbacin da ba shi da tushe.

Bukatar kurmi da bukatar dutse

Barewa mai ƙaho mai rassa, wadda take zubar da ƙahonta kowace shekara ta sake tsirar da sabo, dabbar Turai da Asiya da Amurka ce, kuma a nahiyar Afirka ba ta da mazauni na asali sai a dazuzzukan tsaunukan Atlas na Aljeriya da Tunisiya da Maroko. Yawancin farautarta a cikin itatuwa ake yi, inda harbi bai cika wuce mita 100 ba, haske kuma kaɗan ne, dabbar tana bayyana na ɗan lokaci tsakanin kututture biyu. A irin wannan wuri abin da ya fi muhimmanci shi ne ƙaramin ninki na ƙasa, wato 1.5 ko 2 ko 3, da faffaɗan fili da alama mai kauri, kuma maharba masu gogewa suna barin madubin a mafi ƙanƙantar ninkinsa yayin tafiya, domin dabbar da ke nesa tana ba da lokacin murɗawa sama, ta kusa kuwa ba ta ba da lokacin murɗawa ƙasa. A Jamus da Ostiriya, inda ake yawan zaman jira a kan ɗan dandamali har duhu ya fara, an fi son gilashin gaba mai milimita 50 ko 56, tun da mai zama ba ya jin nauyi.

Ragon dutse kuwa yana zaune ne a fili mai tsayi wanda babu abin fakewa, idonsa yana hango motsi daga nisa mai yawa, kuma sau da yawa kwazazzabo ne yake raba shi da maharbi. Irinsa sun haɗa da manyan raguna na tsaunukan yammacin Amurka da Kanada da Alaska, da ragon tsaunukan Pamir na Tajikistan wanda aka laƙaba wa sunan matafiyi Marco Polo. Harbi a nan yakan kai mita 200 zuwa 400, kuma a irin wannan nisa wasu abubuwa suna shigowa waɗanda mai farautar kurmi bai damu da su ba. Harsashin bindigar farauta ta yau da kullum da aka saita a mita 100 yana sauka ƙasa da kimanin santimita 40 idan ya kai mita 300, iska mai gudun kilomita 16 a awa da take bugowa daga gefe tana ture shi da santimita 20 ko fiye, alhali gurbin huhu da zuciya, inda harbi yake kashewa nan take, bai wuce faɗin santimita 20 zuwa 25 ba. Ƙari a kan haka, wanda ya yi harbi zuwa sama ko zuwa gangare yakan ga harsashinsa ya haura inda ya nufa, saboda jan ƙasa yana aiki ne a kan tazarar kwance, wadda ta fi tazarar da ido yake gani gajarta.

Saboda waɗannan dalilai madubin dutse yakan kasance mai ninki daga 3 ko 4 zuwa 12 ko 15, da gilashin gaba na milimita 40 zuwa 44, da mamurɗi amintacce ko alama mai ƙarin layuka don nisa daban-daban, ana kuma haɗa shi da na'urar auna nisa mai aiki da hasken leza. Nauyi yana da matuƙar tasiri, domin mai hawan dutse kwana da kwanaki yana jin bambanci tsakanin madubin giram 450 da na kilo guda. Duk da haka, Jack O'Connor, marubucin mujallar Outdoor Life wanda ya fi kowa shahara a farautar ragon dutse a ƙarni na 20, ya yi yawancin farautarsa da madubai masu ninki 4 ko ƙasa da haka, kuma ya riƙa jaddada cewa aikin neman rago da tantance shi na madubin hannu mai ido biyu ne, sannan a yi sanɗa. Wanda yake son madubi ɗaya ya yi masa aikin kurmi da na dutse, matsakaici irin 3-9x40 ko 2.5-10x42 mai gilashi nagari ya ishe shi, kuma kuɗin da zai kashe wajen neman ƙarin ninki gara ya kashe shi a kan inganci da ƙarfin maɗaurin da ke riƙe madubin da bindiga.

Iyakar da addini da hankali suka sa

Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba, kuma babu inda wannan magana ta fi dacewa kamar a nan. Madubi yana ƙara gani, amma bai ƙara wa harsashi gudu, bai tsayar da iska, bai kuma hana dabba ɗaga ƙafa a cikin kusan rabin daƙiƙar da harsashi yake ɗauka kafin ya cinye mita 300. Haɗarinsa shi ne yana sa abin da yake nesa ya zama kamar yana kusa, sai maharbi ya gwada harbin da ya fi ƙarfin iyawarsa, ya karya ƙafa ko ya huda ciki, dabbar ta gudu ta mutu a wahale inda ba wanda zai amfana da ita.

Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne ake karantawa a zaurukan Kano, ya riga ya tanadi ma'auni ga wannan. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ta bayyana cewa farauta don wasa kawai makaruhi ce, don wata bukata kuwa halal ce, ta shar'anta ambaton sunan Allah yayin sakin makami, ta wajabta yanka dabbar da aka riska da sauran rai idan makamin bai huda makasarta ba, ta kuma kawo maganar barin cin wadda ta kwana ba a gano ta ba. Malaman mazhabar na baya sun shigar da harsashin dalma cikin makaman da abin da suka kashe yake halatta. Idan aka ɗora waɗannan hukunce-hukunce a kan harbin nesa, sakamakon a fili yake: wanda ya harbi dabba a ƙetaren kwazazzabon da ba zai iya tsallakawa ba sai gobe ya jefa naman cikin shubuha, ya kuma saɓa wa umarnin kyautatawa ko a wajen kisa, wanda ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito. Nisan da ya halatta ga maharbi shi ne wanda yake da yaƙinin zai kashe da harbi ɗaya, ya kuma isa wurin a kan lokaci, ko da madubinsa yana iya nuna masa ninki uku na wannan nisa.

Bindiga da doka da dabba a ƙasar Hausa

Idan aka dawo gida, tambayar farko ita ce a kan wace bindiga za a ɗaura madubin. Amfaninsa yana bayyana ne kawai a kan bindiga mai murɗaɗɗen zane a cikin bututu, wadda take jefa harsashi ɗaya a wuri ɗaya sau da yawa a jere. A kan adaka ko bindiga mai baki biyu da take watsa ƙananan dalma, madubi ba ya ƙara komai sai nauyi da ƙuntata gani, ko da kuwa gwanin injin gyaran ƙarfe na Sharaɗa ko Bompai ne ya ƙera masa mazauni, domin matsalar tana cikin bututun, ba a idon mai harbi ba. Yanayi ma yana da nasa hukunci, saboda lokacin farauta a ƙasar Hausa shi ne rani bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da hazon hunturu yake rufe nesa, daga baya kuma zafin bazara ya tayar da kawalwalniya, kuma madubi yana ninka hazo da kawalwalniya kamar yadda yake ninka komai. Ƙurar da ke sauka a kan gilashi kuwa, idan aka goge ta da bakin riga, tana kankare shafin da aka biya kuɗi dominsa.

Tambaya ta biyu ta doka ce. Dokar Bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, ciki har da bindigogin soja masu faɗin baki milimita 7.62 da inci .300 da .303, da bindigogin amfanin kai, irin su mai baki biyu da raifil ta farauta, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, da bindigogin ɗuri irin su adaka, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha yake da iko a kansu. Wannan yana nufin wasu daga cikin bindigogin da aka fi farautar barewa da su a Amurka suna da faɗin bakin da ya faɗa rukunin farko. A yanayin da Arewa take ciki na 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane, bindiga mai madubi a hannun farar hula abu ne da jami'an tsaro da jama'a za su kalla a matsayin kayan yaƙi. Abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025, inda aka kashe matafiya 16, mafarauta da suke komowa Kano domin Sallah, da dama daga cikinsu 'yan Torankawa ta ƙaramar hukumar Bunkure, bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu, ya nuna cewa abin da maharbin Kano ya fi bukata a yau shi ne rajista da katin shaida da lasisin da ake ganewa a kowace jiha.

Tambaya ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce ko dabbar tana nan. Filayen da ke kudancin birnin Kano sun zama masana'antu da gidaje, kogin Challawa ya daɗe yana karɓar dagwalon majemu, kuma 'yan farauta suna cika motoci da karnuka su yi tafiya mai nisa kafin su samu zomo ko gada ko gafiya. Dajin Falgore, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, wuri ne da doka ta keɓe, kuma yana cikin dazuzzuka goma da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a mayar da su gandun daji na ƙasa, kamar yadda Yankari ta jihar Bauchi take a keɓe tun 1956. Ragon dutse na Afirka kuwa, mai dogon gashi a wuya da ƙirji, mafi kusancin mazauninsa da ƙasar Hausa shi ne duwatsun Azbin a jihar Agadas ta Nijar, inda tsaunin Bagzan ya haura mita 2,000, da duwatsun Termit. An kafa gandun Azbin da Tenere a 1988, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1991, ta kuma sa shi cikin waɗanda suke fuskantar haɗari tun 1992, an kafa gandun Termit da Tin Tumma a 2012, kuma dokar Nijar ta 1998 ce take tsara farauta da kare namun daji a ƙasar. Ragon yana cikin dabbobin da ƙungiyar kare halittu ta duniya ta lissafa a matsayin masu rauni a mazauninsu na asali, saboda farautar ɓoye da fari da gasar kiwo da dabbobin gida.

Abin lura shi ne wannan rago da aka kai jihohin Texas da New Mexico na Amurka a tsakiyar ƙarni na 20 ya hayayyafa a can har ana kukan yana matse wa ragunan ƙasar, kuma barewar Amurka mai farar wutsiya, wadda ta ragu zuwa kimanin rabin miliyan a farkon ƙarni na 20, ta kai kusan miliyan 30 a yau, duk da cewa babu ƙasar da ta kai Amurka yawan bindigogi masu madubi. Dalili shi ne tsari: ƙidayar dabbobi kowace shekara, da ƙayyade lokaci da adadi, da hana sayar da naman daji a kasuwa, da dokar 1937 da ta keɓe harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsasai, wanda yake kashi 11 cikin 100, ga kula da namun daji. Izinin harbin ragon dutse a yawancin jihohinsu da ƙuri'a ake samunsa, kuma mutum yana iya shafe shekaru yana nema bai dace ba.

Kammalawa

Ma'aunin zaɓen madubin saiti a bayyane yake: a fara da dabbar da yanayin ƙasar da nisan da maharbi ya tabbatar yana iyawa, a fifita ingancin gilashi da riƙon saiti a kan yawan ninki, a ɗauki ƙaramin ninki da faffaɗan fili don kurmi, matsakaicin ninki da sauƙin nauyi don dutse. Amma wannan ma'auni yana da ma'ana ne a inda akwai bindigar da ta dace, da lasisin da ya halatta ta, da dabbar da yawanta ya kai a ɗiba ba tare da ta ƙare ba, kuma a ƙasar Hausa ta yau sharaɗi na uku shi ne ya fi rauni. Gilashin da Falgore da Azbin suke bukata da gaggawa shi ne madubin hannu a wuyan ma'aikacin gandun daji da mai ƙidayar dabbobi, kuma babu wanda ya fi cancantar wannan aiki kamar maharban da suka gaji sanin sawu da iska da mashaya. Idan gwamnatocin Kano da maƙwabtanta suka yi wa ƙungiyoyin farauta rajista ta hannun sarakunansu na gargajiya, suka ɗauki gwanayensu aikin tsaro da ƙidaya da albashi, suka kuma tsayar da lokaci da adadin da ake bi, to sana'ar za ta samu abin da za ta gadar wa 'ya'yanta, sannan muhawara a kan wane madubi ya fi dacewa za ta zama mai amfani ga maharbin Kano kamar yadda take ga takwaransa na wasu ƙasashe.